Kibiya da Kwatance: Neman Hanya a Gidajen Gem na Ƙofar Ran

Duk wanda ya saba ratsa Ƙofar Ran ta birnin Bauchi da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta yi sanyi, 'yan makarantar allo da na boko suka watsu, masu keke da 'yan acaɓa suka cika titi da hon, lalle ya san irin ƙananan shagunan nan da ake rataya wa labule a ƙofa, waɗanda in ka leƙa sai ka tarar da benci biyu ko uku, da talabijin a kafe jikin bango, da samari sun yi cincirindo, kowa ya ƙura wa allo ido. Gidan gem ke nan, kuma galibin abin da ake bugawa a ciki ƙwallo ne, domin ita ce mai ƙarewa da wuri, a biya, a tashi, wani ya zauna. Amma akwai wani jinsin wasa dabam, wanda ba a cika yi masa sowa ba, wanda a cikinsa ake sakin mutum a wata duniya mai faɗi, da birane da dazuzzuka da duwatsu da koguna, a ce masa je ka nemo wane, ko kai wannan saƙo wuri kaza. Irin wannan aike shi yaran ke kira mishan. A kan wannan jinsi nake so in yi magana, kuma ba a kan dukkansa ba, sai a kan wani ɗan abu da ke maƙale a kusurwar allo, wanda ma'abota wasannin nan a ƙasashen duniya suka shekara ashirin suna jayayya a kansa, alhali mu nan ba mu ko ba shi suna ba.

Abin nan kuwa shi ne 'yar taswira, da ɗigo ko kibiya da ke haskawa a kanta. Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta: da zarar an ba ka aike, na'ura ta riga ta san inda kake tsaye da inda ake so ka je, sai ta dasa alama a wurin, ta rubuta maka yawan mitocin da suka rage, a wasu wasannin ma ta shimfiɗa maka zare mai launi a kan titi, wanda in ka kauce masa sai ta sake lissafi nan take ta shimfiɗa wani. A cikin Grand Theft Auto V, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2013, kuma har yau samarinmu suna nemansa, zaren aike rawaya ne, na wurin da mutum ya zaɓa da kansa kuwa shunayya. Ba zan ɓoye ba cewa wannan wasa cike yake da abubuwan da ba su dace da yara ba, masu shi ma sun rubuta a jikinsa cewa na manya ne. Wannan mas'ala ce mai zaman kanta wadda ta cancanci iyaye su tsaya a kanta da gaske, sai dai ba ita ta zaunar da ni yau ba.

Abin da ya jawo hankalina shi ne wata rana da na bi sawun ɗan ƙanwata, saurayi da ya gama sakandare yana jiran sakamako, na same shi a ɗaya daga cikin shagunan nan yana tuƙa mota a birnin Los Santos, wanda aka ƙaga bisa siffar Los Angeles ta Amurka. Na tsaya a bayansa jim kaɗan, sai na lura da cewa ko da yake allon cike yake da benaye da gadoji da teku tana ƙyalli, waɗanda ɗaruruwan ma'aikata suka yi shekaru suna zanawa, idonsa bai bar kusurwar hagu ta ƙasa ba, inda 'yar taswirar take, wadda faɗinta bai kai tafin hannu ba. Na ce masa, "Wai nan wace unguwa ce kake ciki, in kuma an ce ka koma gida ta ina za ka bi?" Ya ce, "Kawu, ai ba sai na sani ba, zaren nan zai kai ni." Watanni ya yi yana yawo a wannan birni, amma bai iya faɗin inda teku take da inda dutse yake ba. To a daren nan kuma mahaifiyarsa ta aike shi cikin gari, gidan da bai taɓa zuwa ba, ta ce masa in ka shiga ta ƙofa ka miƙe har ka wuce masallacin nan mai rijiya a gaba, sai ka karya hagu wajen mai ƙosai, ka bar lungu na farko ka shiga na biyu, za ka ga zaure mai dakali biyu da darbejiya a ƙofa, in ka rikice ka tambayi gidan liman, yana kallonsa. Sau ɗaya ta faɗa. Ya je ya dawo kafin a kira lisha, kuma na tabbata ko shekara goma aka yi ba zai mance da wannan gida ba.

Kwatance ilmi ne, ko da yake ba mu saba kiransa da wannan suna ba. Mai yin kwatance tilas ya bi hanyar a zuci, ya zaɓo daga dubban abubuwan da ke kanta 'yan ƙalilan da ba sa ɓace wa baƙo, ya jera su bi da bi. Mai karɓa kuma tilas ya gina hanyar a ransa tun bai taka ta ba, sa'an nan in ya fita ya riƙa gwama abin da ya ji da abin da yake gani, in shakka ta kama shi ya tsaya ya yi sallama ya yi tambaya, tun da an ce matambayi ba ya ɓata. Birnin Bauchi kansa a kan wannan ɗabi'a ya ginu. Tun da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma mai riƙe da tutarsa, ya kafa garin a 1809 bayan zamansa a Inkil, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 10, ƙofofin nan ne suka zama turakun da mutanen gari ke ɗaure tunaninsu na wuri a jiki: Ƙofar Ran, da ta Wunti, da ta Nasarawa, da ta Jahun, da ta Wase, da ta Tirwun, da sauransu. Yau ganuwar ta zube a wurare da yawa, gari ya tsallake ta ya bazu har Yalwa da Fadamar Mada, amma har yanzu in ka tari mai keke ba lambar gida kake faɗa masa ba. Ƙofa kake ambata, ko kasuwar Wunti, ko ta Muda Lawal, ko masallacin Gwallaga, sa'an nan ka ƙara da cewa in mun isa zan nuna maka. Kakanninmu fatake da suke bin hanyar Gwanja neman goro, tafiyar watanni har Salaga, suna da madugu mai shugabantar ayari, suna kuma da jagaba, wanda dukkan jarinsa shi ne abin da ke cikin kansa: wane zango ne ke da ruwa a wane wata, wane mashigi ne ake ƙetarewa da rani, wane dutse ne in ka bar shi a dama ka san kana kan turba.

Wasannin kwamfuta na wannan jinsi ma da kwatance suka fara. A 1976 wani Ba'amurke mai suna Will Crowther, wanda sana'arsa tsara manhajar kwamfuta ce, sha'awarsa kuwa kutsawa cikin kogwannin dutse, ya rubuta wasan da ake kira Colossal Cave Adventure bisa tsarin wani sashe na babban kogon Mammoth da ke jihar Kentucky. Babu hoto ko ɗaya a ciki, rubutu ne zalla, na'ura ta siffanta maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata arewa ko kudu, sabili da haka duk mai son ya ga ƙarshensa sai ya ajiye takarda da fensir a gefe yana zana taswirarsa da hannunsa. A 1986 Nintendo ta fitar da The Legend of Zelda, wanda mai ƙaga shi, Shigeru Miyamoto, ya sha faɗin cewa tushensa yawon da ya yi ne yana yaro a dazuzzuka da kogwannin garinsu, Sonobe, kusa da Kyoto ta Japan, kuma a cikinsa ana sakin ɗan wasa ne a fili ba a ce masa ga gabas ga yamma ba. Kibiya daga baya ta zo. Wadda ta yi suna tun farko ita ce babbar kibiyar nan da ke shawagi a saman mota a wasan Crazy Taxi na kamfanin Sega, na 1999, wadda suka ɗauke ta da daraja har suka yi mata rajistar mallaka, suka kuma kai ƙarar masu wani wasa a 2003 bisa zargin an kwaikwaye su.

Inda ma'abota wannan jayayya suka fi kafa hujja shi ne wasanni biyu na gida ɗaya, watau kamfanin Bethesda. A Morrowind, na 2002, in an aike ka sai wanda ya aike ka ya yi maka kwatance kamar na mahaifiyar yaron nan, bi wannan hanya, ƙetare gada, karya kudu wajen kaza, a rubuta maka shi a littafin tafiya, kai da basirarka; mutane sun sha ɓata, wani lokaci ma kwatancen ne ke da kuskure. A Oblivion, na 2006, sai aka dasa alama a kan kamfas ɗin da ke jikin allo, tana nuna maka wanda kake nema ko ina ya shiga. Akwai dalilai, kuma ba na raini ba ne. Mutanen cikin sabon wasan ba a tsaye suke wuri guda ba, suna tashi su tafi kasuwa su koma gida su kwanta, kwatance kuwa ba ya kama mai yawo. Sa'an nan maganarsu duka da muryar 'yan wasan kwaikwayo aka naɗe ta, kowace jimla kuɗi ce, alhali a da rubutu ne wanda ba ya cin kome. Uwa uba, kasuwa ta faɗaɗa ta haɗa da magidanta masu dawowa daga aiki a gajiye, waɗanda in suka yi rabin sa'a suna neman ƙofar kogo sai su ajiye wasan ba su sake waiwayarsa ba. Amma ga ɓarnar da ba a gani sai an natsu: da zarar an tabbata kibiya za ta kai kowa, sai marubutan wasa suka daina wahalar rubuta kwatance, masu zanen ƙasa kuma suka daina kula ko wannan dutse ya bambanta da wancan, har ya zamana a Skyrim, na 2011, wanda ya kashe alamar yakan tarar an ce masa je ka kogo kaza ba tare da an gaya masa ko a wace nahiya yake ba. Watau ba ido kaɗai kibiya ta kame ba, ta sa an gina duniyar da ba ta karantuwa sai da ita.

Yayyen waɗannan samari, waɗanda yanzu suka zama masu shago da masu iyali, sun san bambancin a jikinsu ko da ba su taɓa jin wannan muhawara ba. Su a zamaninsu PlayStation 2 ce, wasan kuwa San Andreas ne, na 2004, wanda ke da ɗigo a taswira amma ba shi da zaren da ke bin titi, domin wannan sai a wasan da ya biyo baya a 2008 ya shigo. An nuna maka inda za ka, ba a nuna maka ta inda za ka bi ba. Sabili da wannan 'yar tazara, da yawansu har yau in ka ambaci Grove Street, unguwar da jarumin wasan yake zaune, za su kwatanta maka gadar da ake bi ta ƙarƙashinta da kwanar da ake karyawa, kamar unguwar da suka yi ƙuruciya a ciki. Haka nan ƙannensu masu buga PUBG da Free Fire a waya, tun da fili ɗaya suke komawa kullum, abokan hamayyarsu kuma mutane ne masu wayo ba na'ura ba, sai ka ji suna yi wa juna kwatance da baki, ga shi can bayan jan gidan nan, kewayo ta gindin tudu. Nan ilmin wuri ya dawo, domin wanda bai san ƙasa ba shi ake fara kayarwa.

Da na juya al'amarin a raina sai na ga ashe malamanmu na fiƙihu sun riga sun warware irinsa tun ƙarnoni, a babin fuskantar alƙibla. Wanda ya zauna gaban malami a zaure aka biya masa Muhtasar na Shaihu Halil ya san cewa a mazhabar Malikiyya mutanen da ke nesa da Makka kashi biyu ne. Akwai mujtahidi, watau wanda ya san dalilan alƙibla, mafitar rana da mafaɗarta, da taurari, da yadda ƙasarsa take dangane da Ka'aba. Wannan an ɗora masa ya yi ijtihadi da kansa, ba a yarje masa ya yi taƙlidi ga wani ba, sai fa mihirabin babban birni wanda malamai suka daɗe suna salla a cikinsa. Akwai kuma wanda bai san dalilan ba, ko makaho. Wannan an yi masa sauƙi ya bi amintaccen masani ko ya bi mihirabi, kuma sallarsa ingantacciya ce ba tare da wata tawaya ba. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nahli, ya lissafa alamomin ƙasa da taurarin da ake shiryuwa da su a cikin ni'imomin da aka yi wa ɗan Adam. Ba ina daidaita ibada da wasa ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne ma'auni. Shari'a ba ta wulaƙanta mai bin alama ba, amma kuma ba ta yarda wanda Allah ya ba ikon gane hanya ya ajiye wannan baiwa ya bi bayan wani ido rufe ba, domin baiwar da aka daina aiki da ita tafiya take yi. Mu nan Bauchi alƙiblarmu gabas ce mai karkata arewa, kuma dattawan da suka yi kiwo ko fatauci suna tsayar da ita a daji da duban sama kawai, alhali jikokinsu da yawa in cajin waya ya ƙare a baƙon wuri sai sun nemi mai nuna musu.

Masana ƙwaƙwalwa na wannan zamani sun zo da abin da ke ƙarfafa wannan. A cikin kan mutum akwai wani sashe da suke kira hifokamfas, wanda shi ne ma'ajiyar taswirar wurare da tunawa da abubuwan da suka faru. Binciken da John O'Keefe ya fara a 1971, wanda May-Britt Moser da Edvard Moser suka ɗora a kai a 2005, shi ya nuna akwai ƙwayoyin da aikinsu ke nan, aka kuma ba su ukun lambar Nobel a 2014. A 2000 Eleanor Maguire ta jami'ar UCL ta auna direbobin tasi na Landan, waɗanda ba a ba su lasisi sai sun haddace tituna wajen 25,000, karatun shekara uku zuwa huɗu, ta tarar ɓangaren baya na wannan sashe ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewar mutum a sana'ar gwargwadon girmansa. A 2017 wasu masana na wannan jami'a suka sa mutum 24 su ratsa hoton unguwar Soho ta Landan a cikin na'urar duba ƙwaƙwalwa: in su ke zaɓen hanya sai sashen ya motsa a duk mararraba, in kuwa na'ura ke ba su umurni sai ya yi tsit. A shekarar nan dai, a Montreal ta Kanada, Greg West da Véronique Bohbot suka sa mutane buga wasanni na sa'a 90, suka ga masu bin hanya bisa al'adar dama da hagu kawai sashen nasu ya ɗan ragu bayan wasannin harbi, masu buga irin Super Mario 64 kuwa, inda tilas ka riƙe siffar wuri a ka, nasu ya ƙaru. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, bai kamata a gina fatawar tsoro a kansu ba. Wanda ya fi burge ni shi ne na wasan waya mai suna Sea Hero Quest, wanda aka ƙirƙira a 2016 domin binciken cutar mantuwa: da aka tattara sakamakon mutum kusan 400,000 daga ƙasashe 38, aka buga a mujallar Nature a 2022, sai ya bayyana waɗanda suka tashi a ƙauye sun fi 'yan birni gane hanya, a cikin 'yan birni kuma waɗanda suka tashi a garuruwa masu murɗaɗɗun lunguna sun fi waɗanda titunansu ke miƙe kamar layin awo. Ashe lungunan cikin ganuwa, waɗanda wasu ke ganin alamar ci baya ce, makaranta ce da 'ya'yanmu ke shiga kyauta.

Duk da haka ba zan yarda a ɗora wa yaron Ƙofar Ran laifin lalaci ba, kamar yadda wasu masu wannan jayayya a Turai ke yi wa masu bin kibiya gori, domin uzurinsa a fili yake. Wanda ke cewa a kashe alama a ɓata a sha daɗin ɓata, a ɗakinsa yake, na'urar tasa ce, wuta ba ta yankewa, in ya gaji ya adana inda ya tsaya gobe ya ɗora. Namu kuwa lokaci ya saya da 'yan canjin da ya tara, akwai mutum uku a bayansa suna jiran ya tashi, in an ɗauke wuta sai mai shago ya auna ko cinikin ya kai a tayar da janareta da tsadar man nan, kuma babu tabbas gobe zai tarar da wasansa inda ya bar shi. Mai minti talatin ba ya da rarar da zai ɓata. Bayan wannan akwai harshe, wanda a ganina shi ne babba. Kwatancen Morrowind da Ingilishi yake, mai tsawo, mai sarƙaƙiya. Yaron da ke gane kwatancen mahaifiyarsa da ji ɗaya, in aka yi masa irinsa da harshen da yake fama da shi a jarrabawa, sai ya zama kamar bai da basira, alhali basirar tana nan, ƙofarta aka rufe. Ita kibiya ba ta da harshe, shi ya sa ta zama tafinta ga miliyoyin da ba a yi wasan domin su ba. A nan nakan tuna cewa Shehu Usmanu da kansa ya yi raddi mai ƙarfi ga ɗaliban ilmin tauhidi na zamaninsa waɗanda suke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjoji irin na malamai ba. Sanin dalili daraja ce, amma ba sandar dukan wanda bai samu hali ba ce.

Masu ƙera wasannin su ma sun farga, kuma a 'yan shekarun nan mafi hazaƙarsu sun koma neman hanya ta uku. Kamfanin Ubisoft, wanda ya yi ƙaurin suna wajen cika taswira da alamomi har ta koma kamar takardar bashi, ya ba da zaɓi a Assassin's Creed Odyssey na 2018: ko a dasa maka alama, ko a ba ka alamu uku na kwatance ka nemo da kanka. Nintendo, a Breath of the Wild na 2017, ta sa mutum ya hau hasumiya a buɗe masa siffar ƙasa kawai, shi zai duba da idonsa ya ga abin da ya ja hankalinsa ya sa masa shaida; ma'aikatanta kuma sun bayyana a wani taro a Japan a wannan shekara cewa da gangan suka riƙa jera tuddai masu tsini domin su ɓoye abin da ke baya, mutum ya yi sha'awar kewayawa ya gani. A Ghost of Tsushima na 2020, wanda aka gina kan harin Mongol a wani tsibirin Japan a 1274, iska ce jagora: ka duba inda ciyawa ta kwanta da inda ganye ke tashi, ka bi, wani lokaci tsuntsu ko dila ya ja ka zuwa wani ɓoyayyen wuri. Elden Ring na 2022, na Hidetaka Miyazaki, ya fi su tsanani, ba shi da ko littafin da ke lissafa maka aikenka, sai wani siririn haske da ke karkata wajen da ya kamata ka dosa. Aka ce ba zai karɓu ba, sai ga shi an sayar da miliyan 12 cikin 'yan makonni, ko da yake su ma ba su daɗe ba suka sassauta, suka sa taswira ta riƙa tuna wa mutum inda ya gamu da wane. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne sun mayar da alamar daga kusurwar allo zuwa cikin ƙasar kanta, yadda ido zai koma kan dutse da itace da hayaƙi, kuma ba a bukatar Ingilishi kafin a karanta inda iska ta dosa.

Mu kuwa ba sai mun je Japan neman misalin wannan hikima ba, tana nan Ƙofar Ran. Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, Allah ya jiƙansa, an kewaye shi da wani gini da aka buɗe a 1979, wanda duk ɗan makarantar da aka taɓa kai wa ziyara yana tuna shi. Kana shiga sai duhu ya rufe ka a wani siririn rami mai hawa, ka riƙa tafiya kana lalube, can sai ɗan haske ya tsargo ta sama, ka bi shi, duhu ya sake dawowa, har daga ƙarshe ka ɓullo fili, sama a buɗe, ga kabarin nan a ƙasa ba ado. Masu kula da wurin suna fassara duhun da zamanin mulkin mallaka, hasken kuma da fatan 'yanci da samunsa a 1960. Abin lura a nan shi ne ƙafarka ba ta bukatar wanda zai ce mata bi nan. Ginin ne ke jan ta, da duhu da haske da faɗin hanya da ƙuncinta, kuma sabili da da jikinka ka gano hanyar, ma'anar takan zauna a zuciya zama irin wanda allon sanarwa ba ya iya sawa. Da an shafa jan fenti a ƙasa an rubuta bi nan, da mutane sun isa kabarin da sauri, sun fito ba su ɗauko kome ba.

Wannan ne na gaya wa ɗan ƙanwata, ba da sigar wa'azi ba, sai na ce masa ni zan biya kuɗin sa'a biyu, da sharaɗin ya shiga wajen saiti ya kashe taswira da zaren duka, abin da wasan ya yarda a yi, ya kai kansa daga bakin teku zuwa gida. Muka zaɓi safiyar Talata da babu layi. Minti goma na farko ya sha wuya ƙwarai, yana ta kewaya gada ɗaya, hannunsa na kai wa maɓallin taswira yana janyewa. Daga nan sai na ga ya tsayar da motar a gefen titi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya juya kallonsa sama. Ya ce, "Kawu, ka ga dogon benen can mai zagaye? Duk inda na je ina ganinsa, ashe shi ne tsakiyar gari." Can kuma ya hango manyan haruffan nan farare da ke jikin tudu, ya ce to nan ne arewa, tun da teku tana bayana. Mai shagon, wanda shi ɗan zamanin San Andreas ne, ya baro kujerarsa ya tsaya kusa da mu yana cewa ƙanena bar babban titi, bi ta ƙarƙashin gada, wani yaro kuma da ya shigo sayen cajin waya ya sa baki yana musu, ya ce ba nan ba ne, sai an wuce gidan mai. Kafin sa'a ta cika mutum biyar ne ke tsaye a bayan benci ɗaya suna yi wa juna kwatancen wani birni na Amurka da Hausar Bauchi. Saura kwanar titi biyu ko uku ya isa gida aka ɗauke wuta. Ya ajiye abin hannun a kan benci, ya ce wa mai shago a bar masa saitin yadda yake, zai dawo jibi, ya san ta inda zai bi.